'Yar Kantar da Yaya Sale Ya Binne a Bango

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sale, kafinta a Dungass. Ba don abin da ya faru watan jiya ba, da addu'a kawai zan yi masa in yi shiru.

Tun yana saurayi ya je ci-rani Kano, ya dawo da wata tsohuwar 'yar kanta ta katako, irin wadda ake kafawa a bango a ɗora fitila. Wai daga gidan wani Baturen Ingila ta fito. An sassaƙa mata ganyen da babu irinsa a dajinmu. Mai sayarwa ya gaya masa Turawan ma kwaikwayo suka yi, daga duwatsun da ke tokare rufin tsofaffin gine-ginensu. Yaya ya yi dariya ya ce, "Ashe ni ma ba laifi in kwaikwaya." Sai ya shiga sassaƙa nasa, da ganyen gyaɗa da zangarniyar gero.

To, ƙusa ba ta zama a bangon ƙasa. Shi ya sa yake bar wa kowace kanta dogon gindi, a binne shi cikin bango tun ana gini. Takan zauna daram, amma ba ta ciruwa. Ta ƙarshe da ya yi tana ɗakin da ya rasu.

Watan jiya sai ga ɗansa Habu zai rushe ɗakin ya yi na siminti. Na yi masa faɗa, ni da ba a raba ni da faɗa. Ya ce, "Gwaggo, ɗakin nan fa yoyo yake, kuma yara ke kwana ciki." Gaskiyarsa ce. Na kuma san da Yaya na raye shi zai fara ɗaukar diga, don bai taɓa ganin darajar aikinsa ba.

Na roƙi magini ya tone kantar a hankali. Ashe gara ta cinye gindin tuntuni, ƙasa ce kawai ke riƙe da ita. Ina sa hannu ta ruguje.

Akwai sauran kantocin da ya yi a ɗakunan mata a garuruwan Yekuwa da Dogo-Dogo. Suna ɗora waya da madubi, ba su san sunan wanda ya yi ba, kuma kowace kanta na jiran ranar da za a rushe bangonta. Ni dai guntun da bai kai tafin hannu ba na ƙulle a bakin zane. Ko ranar jana'izarsa ban yi kukan da na yi ranar nan ba. Allah ya jiƙanka, Yaya.