Mako Shida Muna Shirin Harbin Fakara

Akwai wata safiya a unguwar Madain Fahd ta Jidda da ba za ta fita daga raina ba har ƙarshen rayuwata, kuma ba abin kirki na yi a cikinta ba.

A shekarar nan na gaji da Jidda. A nan aka haife ni, gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi a Sharafiyya, kullum ina kan rufin wani rana na gasa ni. Da wani abokina ya ce mu tafi duwatsun kudu, wajen Baha, mu yi kwana huɗu muna harbin fakara, tun bai rufe baki ba na amince. Sai dai mu ukun da muka haɗu, babu wanda ya taɓa ganin fakara da ranta.

Shi ya sa muka nufi wani dattijo tela a Bab Makka, wanda muke kira Kawu. Umra ta kawo shi daga Najeriya shekaru da yawa da suka wuce, bai koma ba, ya maƙale a bayan wani shago yana taka keke. A ƙauyensu maharbi ne. Muna ambaton fakara ya ture yadin da ke gabansa, ya ɗauko allin ɗinki ya hau zana mana kwari da tudu a bayan kwali.

Daga ranar, kowace Juma'a bayan la'asar muna wurinsa. Mu muka nemo lasisi da bindigogin iska, shi kuma ya koya mana sauran: yadda tsuntsuwar ke lafewa sai ka kusa taka ta, da inda take bi ta sha ruwa da sassafe. Har kukanta yake kwaikwaya, masu sayen yadi suna waige. Ban taɓa ganin ya yi dariya haka ba. A mako na biyu ya fito da jakunkunan zuba tsuntsaye da ya ɗinka da guntayen yadi.

Na ce, "Kawu, huɗu na gani."

Ya ce, "To, ku uku, da ni. Rabona da daji tun ina da baƙin gemu."

Dukanmu mun san ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, mun kuma san akwai shingayen bincike a hanya. In aka same shi a motata, shi za a mayar gida, ni kuma in shiga uku, domin tawa iƙamar ma a hannun kafili take, ubangidan da ya tsaya mini. Amma wa zai dubi idon dattijo ya faɗa masa haka? Na bar wa abokina, abokina ya bar wa na ukunmu, shi kuma ya ce ai ni ne mai motar. Haka muka yi ta tura wa juna har mako shida. A lokacin kunya nake kiran abin. Yanzu na san tsoro ne kawai.

Ranar tafiya, muna ɗora kaya bayan sallar asuba, sai ga shi tafe da jakarsa a kafaɗa, sanye da sabon takalmin hawa dutse. Abokaina suka sami abin dubawa a bayan mota. Ni aka bari da shi.

"Kawu, ka yi haƙuri. Maganar takarda ce. Wallahi ma agdar, ba zan iya wuce shinge da kai ba."

Ya dube ni ya ce, "Tun yaushe ka san haka, ɗana?"

"Tun farko."

Ya gyaɗa kai. "Da ka faɗa tun farko. Mai shago ya ce in na tafi kwana huɗu kada in dawo. Jiya na miƙa masa makulli." Ya gyara jakarsa. "Halas, shi ke nan. Ku tafi, rana za ta yi muku."

Mun tafi, amma kada ku tambaye ni kyan duwatsun, don ban gani ba. Da muka dawo na wuce Bab Makka kai tsaye, na tarar da wani a kan kekensa. Na roƙi mai shagon har muryata ta dishe, ya ce ya riga ya ba da wuri.

Sai bayan wata biyu na gan shi a bakin kasuwa, yana tura baro cike da dilolin yadi, bayansa ya ranƙwafa. Na so in ɓuya, amma ya riga ya hango ni. Na shirya wa faɗa, na shirya wa Allah ya isa. Ya ajiye baron, ya share gumi, ya ce, "Ɗana, kun dai ji kukansu da safe?"

Na ce mun ji. Ya ce madalla, ya ci gaba da turinsa.

Da na buɗe baki a ranar farko, ɓacin ran yini ɗaya zai yi, ya koma kan kekensa. Tun daga nan na daina ɗaukar shiru a matsayin ladabi. In magana mai ɗaci ce kuma tawa ce in faɗa, ina faɗinta tun mai ita yana da sauran abin da zai riƙe.