Kaset Masu Kunne

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi abinSa. Mijin yayata, wanda duk unguwa ta sani da Mai Rediyo, ya cika da hantsi a kan kujerar shagonsa, tabarau a goshi, wata tsohuwar rediyo a buɗe a gabansa. Na Allah ne mu duka, kuma inda ya tafi can muka nufa.

Labarin ya same ni a ƙasar da na zo cin ranin da ya ƙi ƙarewa, a ɗakin wankin wani otal, inda nake ninke zannuwan gadon mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba. Wannan rubutun ma na daɗe ina ɗaga shi, don duk lokacin da na zauna sai kunya ta riƙe mini hannu. Wanda ya zo neman yabo zalla ya yi haƙuri. Marigayin bai saba da shi ba, ni ma ban iya ba.

Maigida, haka na saba kiranka, kuma ba yau zan canza ba. Na zo shagonka ina saurayi, na gama makaranta ba aikin fari, Yaya ta gaji da ganina a kwance. Ba ka tambaye ni abin da na iya ba. Ka miƙo mini tsumma ka ce in goge kanta, da rana ta yi ka turo mini rabin kwanonka. A haka na yi shekaru a gefenka, cikin warin dalma da ƙurar tsofaffin akwatuna. Ranar da zan bar gari kai ka ɗauki jakata har tasha. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka cire rigar sanyinka ka ɗora mini a kafaɗa, ka ce, "An ce can iska ba ta da mutunci," ka juya ka tafi tun mota ba ta tashi ba.

Ba zan mayar da kai waliyyi ba. Rediyon mutum takan yi wata da watanni a wurinka kana ce masa gobe. Bakinka yana da kaifi, yaranka sun sha shi fiye da kowa. Amma tsohuwar da ta kawo rediyonta a naɗe cikin zane ba ta taɓa komawa da ita a mace ba, kuma ba ka taɓa buɗe mata baki a kan lada ba. Kana da doka guda a shagon wadda kowa ya haddace: duk abin da ka duba ka ga ba zai tashi ba, sai ka yanko jan salatif ka manna masa. "Ja ya mutu," kake cewa, "kar wanda ya ɓata mini lokaci a kansa." Ni na haddace, 'ya'yanka biyu da suka yi rarrafe a ƙarƙashin kantar nan su ma sun haddace.

Kaset ɗin kuwa tsintar su ka yi. Wani ya kawo gyaran bidiyo da kwali guda na kaset, bai ƙara waiwayowa ba. Cikinsu duk shirye-shiryen talabijin ne da aka yi daga tsofaffin littattafan binciken kisan kai: babban gida a bayan gari, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, dangi sun taru a kan gado, da safe a tsinci wani a ƙasan matakala. Daga nan ciwon ya kama ka. Duk inda ka ji ana sayar da irinsu sai ka je. Turancinka na takardun gyara ne, Yaya kuwa ko "zo" ba ta ji, amma ranar Asabar bayan la'asar sai mu cika falo kana fassara. Kowa ka raɗa masa suna. Ɗan sandan ciki Sufeto Mai Tari ne, matar gidan Hajiya Mai Hula. In an kusa ƙarshe sai ka tsayar da kaset ka ce kowa ya faɗi wanda yake zargi. Yaya kullum mai ladabin cikinsu take nunawa. "Wannan gaisuwar tasa ta yi yawa," take cewa. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta ɗaure bawan Allah a banza, ka yi ta yi mata dariya har sai ta ce ba za ta dafa na dare ba.

Bayan na tafi ne ciwon suga ya cinye mata ido. Kaɗan-kaɗan ya tafi, har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Kai kana shago tun safe, yara sun kama gabansu, ita tana zaune ita kaɗai a falo. Sai ka haɗa bidiyo biyu da waya a bayan shago, ka jona makirfo, ka rage sautin Turancin ya koma can ƙasa, ka ɗora muryarka a kai. Ba fassara kaɗai ba, har da ido ka ara mata. Ta taɓa kara mini waya a jikin talabijin na ji ka:

"To fa. Ga Sufeto ya shigo, hularsa a jiƙe. Akwai kofi biyu a kan tebur, ɗaya an sha, ɗaya ba a taɓa ba. Yarinyar nan mai aiki tana bakin ƙofa, hannunta a bayanta. Ban ce komai ba, na dai gaya miki abin da ke nan."

Ka ce mini sai ka kalli kowane sau biyu kafin ka ɗauka, don kada ka tsallake wani abu, kuma kada muryarka ta tona mai laifin. Ka ce duk abin da mai ido ya gani haƙƙinta ne ta ji, ko da labulen da iska ta kaɗa ne, in ba haka ba ka cuce ta.

Mu kuwa dariya muka yi. Wannan ita ce kunya ta farko, kuma ta mu duka ce. 'Yan majalisar bakin shago suna cewa tsoho ya fara magana da akwati. Dangi suna cewa da lokacin nan da yake ɓatawa gyara ya yi, da ya gina gida. Ni ma na sa baki a waya, na ce na ji labarin gidan rediyon da ke da ma'aikaci ɗaya da mai sauraro ɗaya. Ka ce, "Ƙwarai, Auta, amma tawa ba ta taɓa canza tasha ba." Na yi dariya na wuce. Ban tambaye ka yadda kake yi ba, ban tambaye ka inda kake ajiye su ba. Ba wanda ya tambaya.

Da mun tambaya da mun san cewa a kabad ɗin ƙarfe na shago kake ajiye su saboda damshin gida, kana kai mata 'yan kaɗan a kwando kana musanyawa. Da mun san cewa duk wanda ka ɗora wa murya sai ka manna masa salatif a gefe, ka lanƙwasa bakinsa ya tsaya kamar kunne, don ta shafa ta gane. Masu kunne take kiransu. Ja ka sa don shi ne a hannunka, kuma wadda ba ta ganin launi ina ruwanta da ja? A makon da ka rasu ma ka kwashe na gidan duka ka kai shago za ka goge musu funfuna.

Bayan an watse daga zaman makoki mai ginin ya ce yana son shagonsa ƙarshen wata. Ban ga laifinsa ba, ya yi haƙuri da kai shekaru. Yaranka suka shiga kwasar kaya. Babban ya kira ni ina tsakiyar aiki, injuna suna ruri, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Kawu, mun ware kaset ɗin Baba kashi biyu. Akwai masu lafiya, akwai masu jan salatif. Ya za mu yi da masu jan?"

"Har sai ka tambaya? A shagon nan ka girma. Ja ya mutu."

"To ko in tambayi Umma tukuna?"

"Bar ta ta ji da abin da ke damunta."

Haka na ce masa. Yaron ya so ya tambaya, ni na hana shi. Suka bai wa mai sayen tarkace masu jan duka, suka goge sauran tas, suka jera su a sabon kwali, suka kai wa uwarsu suna murna za su faranta mata.

Ƙaramin ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce ta sa hannu cikin kwalin tana shafa gefensu ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshe, ta sake dawowa daga farko. Ta ce a sa mata ɗaya. Kiɗan farko ya tashi, ta gyara zama. Turawa suka fara magana. Ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta ce, "Ina masu kunnen?"

Sun bi mai tarkacen a ranar. Ya riga ya farfasa su ya ware robar, zaren kuwa ya tafi juji an cinna wuta. Kai kuma, Maigida, ba ka taɓa yarda da wayar zamani ba, ba ka taɓa aika wa kowa saƙon murya ba. Duk abin da ya rage mana na muryarka a cikin masu jan nan yake.

Na kira Yaya ina jiran ta zage ni, da ta yi da na samu sauƙi. Sai ta tambaye ni ko ina cin abinci. Na ce ina ci. Can ta ce, "Auta, maganar duk na haddace ta, in Sufeto ya yi tari na san abin da Malam zai ce. Muryar ce ta fara guje mini. Jiya na nemi yadda yake cewa to fa, ban samu ba."

Yanzu ina jin an sa yaran nan a baki a unguwa, wai 'ya'yan zamani sun zubar da kayan ubansu tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Babban ya daina shiga gidan sai in ya tabbatar ta yi barci. Ku sakar musu mara. Dokar ubansu suka bi, umarnin kawunsu suka bi. Mai neman wanda zai zaga ga ni, nisa ne kawai ya hana ku ganin idona.

Amma tunda ana maganar kunya, bari in raba ta daidai. Marigayin ba ya hana aro. Matan unguwa da ba sa jin Turanci sun sha aiko a ba su "mai Hausar nan". 'Yan majalisar da ke masa dariya da rana su ne ke zagayowa ta bayan shago su ce a ba su na iyali. Ya sha yi mini ƙorafi cewa rabinku ba ku mayarwa, kuma shi ba zai bi mutum gida a kan kaset ba. Na san dalilin da ya sa kuka yi tsit: ba wanda yake so a ce ya riƙe kayan mamaci. To ku ji da kyau. Yau riƙon nan naku shi ne kaɗai abin da ya tsira. Wanda ya mayar a kan kari, nasa ya ƙone.

Don girman Allah ku duba. Ƙarƙashin gado, saman kabad, cikin kwalin da kuka tura ɗakin ajiya tun da bidiyonku ya mutu, ko ma a cikin bidiyon kansa. In kun ga kaset da jan salatif a gefe mai ɗan kunne a tsaye, kada ku ɓare shi, kada ku gwada shi a injin da zai cinye zaren. Ko ya yi funfuna, ko yara sun ɗauki wani abu a kan rabinsa, ku kawo. In kunya ba za ta bar ku ku yi sallama ba, ku sa a leda ku rataye a ƙofar gidan. Matar gidan ba za ta ga wanda ya rataye ba, yaran kuma na gaya musu kada su tambaya. Guda ɗaya ma ya isa.

Allah Ya jiƙanka, Maigida. Ya gafarta maka kaifin bakinka saboda taushin hannunka. Yadda ka zama ido ga baiwarSa a cikin duhu, Ya haskaka maka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tambaya, Ya sa Aljanna ce makomarka. Idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwansa, da maƙwabtansa na shago da na gida, da duk wanda rediyonsa ta taɓa kwana a hannunsa. Ga 'ya'yansa biyu: Allah Ya ba ku haƙuri, Ya yi muku albarka. Kai babba, ka koma gida da rana tsaka ka zauna kusa da uwarka. Ka ga abin da ke cikin talabijin, ita ba ta gani. Ka faɗa mata.

Ke kuma Yaya, na san ƙaramin ne zai karanta miki wannan. Allah Ya ba ki dangana, Ya tsare miki abin da ya rage a kunnenki. Ki yafe mini.