Malama Rakiya, wadda ta zauna a ƙofar Alhaji

Ina shanya shinkafar da na turara a tsakar gidanmu a Ambursa sai 'yar farina ta kira ni daga makarantar horar da lauyoyi. Ko gaisuwa babu. Ta ce, "Inna, Malama ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhu, kaji suka hau shinkafar, ban kore su ba.

Malama Rakiya tsohuwar malamar sakandare ce a Gwadangaji. Da ta yi ritaya sai ta mayar da barandarta wurin duba takardun 'yan mata masu neman jami'a. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba: bakinta da zafi yake, kuma na yi shekara biyu ba na son jin sunanta.

Ranar da na fara kai mata yarinyar, ta duba takardun ta ɗago kai. "Lauya kike son zama, babu adabin Turanci cikin darussanki? Wa ya zaɓa miki wanga?" Yarinyar ta ce mai shagon kwamfuta ne. "To shi za ya shiga kotu? Har lambar waya tashi ya sa, in an kira ki shi za ya amsa." Ta ce a jira wata shekara a sake jarrabawa. Na fito ina huci. Shekara guda, mata suna tambayata a wurin suna da biki, wai ina lauyar tamu.

Da shekara ta zagayo yarinyar ta ci jarrabawa, amma tsoro bai bar ni ba. Kowa cewa yake ɗiyar manomi ba ta samun gurbin karatun lauya sai da babban mutum. Na kwashi takardunta na asali, na haɗa da buhun shinkafa, na kai wa wani Alhaji a Badariya da aka ce yana da hanya. Ban gaya wa kowa ba. Sai ga suna ya fito da makinta, ba da hannun kowa ba, aka ce ta zo tantancewa da takardun asali nan da kwana huɗu, in babu su gurbin ya tafi. Na yi ta sintiri gidan Alhaji. Yau ya yi tafiya, gobe yana barci.

Ana saura kwana ɗaya na je wa Malama da kuka. A gaban ɗalibanta ta ce, "Mi kinka yi? Ke uwa ce ko maƙiyiya? Takardar asali ba ta kwana gidan kowa, kwafi ake badawa!" Ta ɗauki kujera 'yar tsuguno, muka hau keke napep.

A ƙofar gidan Alhajin ta ajiye kujerar ta zauna, mace mai ciwon gwiwa, tun hantsi. Duk baƙon da ya zo sai ta ce, "Sannunku da zuwa. In kun shiga ku tuna mishi da takardun ɗiyar mutane." Aka aiko mata da ruwa, ta mayar. Bayan la'asar aka fito da ambulan ɗin takardun, da tabon manja a jikinsa, ko buɗe shi ba a yi ba.

A hanya ta miƙo mini takarda ɗaya. "Karanta min sunan da ke nan." Na ce ai ta san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ta ce, "Kunya na yarda da ita. Amma ke ba kunya ce ta hana ki ba." Haushin wannan magana ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina. Don in ba ta kunya na shiga. Har ta koma ga Allah ban taɓa ce mata na gode ba.

Ranar sadakar uku sai ga wannan Alhaji ya zo da babbar riga, yana ɗaga murya har muna ji daga cikin gida, wai Malama uwa ce gare su, wai tare suka yi wa 'ya'yan talakawa hidima. Kai Alhaji, in an karanta maka wannan, ni ce mai buhun shinkafa. Na san abin da ka yi, na san kuma akwai takardun wasu yaran da har yau suna cikin durowarka, iyayensu na jira. Ka mayar musu. Ku kuma iyaye mata irina, kada tsoro ya kai ku ƙofar da na je. Ku tambayi darussan da ake bukata tun yaro yana sakandare, ku sa lambar wayarku, ku riƙe takardunku.

Yarinyar tana shirin jarrabawarta ta ƙarshe, Malama ba za ta gan ta da baƙar rigar lauyoyi ba. Wannan rubutu da hannuna na yi shi, kwana shida ina yi ina gogewa. Malama, ga sunan da kika ce in karanta: Hauwa'u. Na gode.

Allah Ya jiƙan Malama Rakiya, Ya yafe mata zafin bakinta, Ya yafe mini taurin kaina. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa zaman da ta yi a ƙofar nan cikin mizaninta. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, Ya kawo wa 'yan matan barandarta wanda zai duba musu takardu. Amin.