Zanukana Sun Riga Ni Zuwa Kano

Shekarun baya, ina karatun zanen gine-gine a Guangzhou, na kamu da son tara tsofaffin zanukan jami'o'i, irin waɗanda aka buga tun kafin a haifi mahaifina. Duk Asabar ina rumfar wani tsoho mai sayar da tsofaffin littattafai. Da ya hango ni sai ya ce "meiyou", wato babu, sannan ya yi dariya ya zaro wani daga ƙarƙashin tebur. Shekara biyu ina tarawa, ina jera su tsakanin jaridu a kwali saboda laimar garin.

Sai kawuna ya zo sarin kaya, ya sauka a ɗakina a unguwar Dengfeng. Rannan na dawo daga aji na tarar yana shan shayi hankali kwance.

"Ɗana, na rage maka shara," in ji shi. "Tsofaffin takardun ƙarƙashin gadon nan da su na naɗe kofunan tangaran. Har an kai su Tianxiu, wurin mai tura kaya."

Da silifas ɗin banɗaki na fita a guje. Ina isa, mai tura kayan ya ce kwantena ta wuce tun hantsi. Na dawo na zabga tagumi. Da Kawu ya ji bayani sai ya ajiye kofi.

"Subhanallahi! Ai da ka rubuta a jiki. Yi haƙuri, bar min wannan."

Ban sa rai ba. Bayan wata biyu mahaifiyata ta kira. Ashe da kaya suka isa Kano, Kawu bai kai su kasuwa ba, gidanmu ya sauke. Ya zaunar da kowa ana kwance kofuna ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana shimfiɗa zani a kan kowane zane tana bi da dutsen guga. Biyu kawai suka yage.

"Amma ɗaya na riƙe," in ji ta. "Mai hasumiyar agogo. Yana falo, duk baƙon da ya zo sai na nuna masa makarantarka."

"Umma, wannan fa a Ingila take. Ban taɓa zuwa ba."

"To sai ka dage ka je, kada ka mai da ni maƙaryaciya."

Har yau zanukan suna wurina, da alamar lanƙwasar kofi a jikinsu. Masana sun ce darajarsu ta faɗi. Ni kuwa sai yanzu nake ganin sun zama nawa, domin kowanne ya bi ta hannun mutanen gidanmu. Ingila dai ban je ba tukuna, kuma Umma ba ta sauke zanen ba.