Jan Katin Puan Zaleha a Makon Masu Saye

Kafin rana ta gama ɗagowa daga teku, Puan Zaleha binti Che Mat ta riga ta gangaro daga tudun Balik Pulau a kan tsohon babur ɗinta, ta nufi Bayan Lepas. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan hanya. Takan tsaya a rumfar bakin ƙofar masana'anta ta sayi ƙunshin nasi lemak guda, wato shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, ta kwance 'yar robar da aka ɗaure ganyen ayabar da ita, ta rataye ta a hannun babur, sannan ta shiga. Robobin sun taru a wurin har sun zama kamar awarwaro.

"Kak Leha," in ji masu gadi, wato Yaya Zaleha a harshensu, "in kin tara buhu guda, a tuna da mu a rabon gado."

"Ku dai ku kama bakinku ku buɗe ƙofa," takan ce musu.

Wanda ke wannan rubutu shi ne ya sa hannu a takardar ɗaukarta aiki, a zamanin da yake riƙe da ofishin ma'aikata, saboda haka abin da zai faɗa ba jita-jita ba ne. A wannan gida ake haɗa ƙwayoyin lantarkin da ke sarrafa birkin mota, kowace ba ta kai farcen jariri ba. Ana ɗora ƙwayar a kan ɗan farantin ƙarfe mai rufin azurfa, a haɗa su da zaren zinariya wanda ya fi gashin kai siranta. Aikin Puan Zaleha shi ne ta sa fararen kaya daga kai har ƙafa, ta zauna gaban madubin ƙara girma, ta duba ko zaren ya kama. In ta gamsu, ta buga hatiminta mai lamba arba'in da ɗaya a kan koren kati, kaya su fita. In ba ta gamsu ba, ta rataya jan kati, kuma ba wanda ke da ikon cire shi sai wanda ya rataya. Wannan ƙa'ida ta girmi yawancin waɗanda ke aiki a ƙarƙashinta yau.

Kafin bara, sau biyu aka sayar da masana'antar nan a gaban idonta. A karo na farko aka sauya sunan da ke bisa ƙofa da launin riguna. A karo na biyu aka kwashe littattafan ƙa'idojin aiki na masu gidan farko aka zubar, aka kawo sababbi daga wata ƙasa. Mu da muka ga waɗancan biyun mun san yadda abin yake: manya suna ciniki a benaye masu nisa, na ƙasa kuwa sai dai su ji a salansa.

Na uku, wanda ya zo bara, ya fi su nauyi. Wani babban kamfani na Turai ya taya uwar kamfaninmu gaba ɗaya. Uwar tana da masana'antu biyu masu aiki iri ɗaya, tamu da wata a ƙetaren teku, kuma masu sayen ba su ɓoye ba: ɗaya za su riƙe, su rufe ɗaya. Darajar kowace a idonsu ta rataya ne a kan abu guda, wato a cikin kowace ƙwaya dubu nawa ke fita lafiya. Abincin mutum ɗari tara ya dogara a kan wannan. A ɗakin cin abinci, matan da ba su taɓa sanin mene ne hannun jari ba suka koma leƙa farashinsa a waya tsakanin loma da loma.

Manajan masana'anta, Mista Khoo Beng Huat, ba mugun mutum ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Tsoro ne ya cika masa ciki. Mako uku kafin zuwan masu binciken da masu saye suka turo, ya sa aka shafe bango da fenti, aka jera tukwanen furanni, aka ce kowane lungu ya zama tsaf. Ranar Litinin baƙin suka iso, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Haverkamp, dogo marar yawan magana. Ranar Juma'a za su rufe rahotonsu.

Da hantsin Laraba, Puan Zaleha ta ga wani abu a madubi: siririn layi mai ruwan ɗorawa ya ratsa azurfar farantin, a miƙe, kamar an ja shi da abin awo. Ta ɗauko faranti na biyu, ga shi. Na goma, ga shi. Ta miƙe ta rataya jan kati a kan amalanke goma sha ɗaya, kayan da motar filin jirgi za ta kwasa washegari.

Ba a yi minti goma ba sai ga Mista Khoo, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kak Leha, me na yi miki? Baƙi suna bene na biyu, ke kuma kin mayar mini da ɗaki kamar ranar bikin sabuwar shekarar Sinawa, ko'ina ja!"

"Azurfar ta canza launi, Mista Khoo."

"Na'urar gwaji ta ce lafiya lau suke. Kin fi na'ura ne?"

"Na'urar shekararta huɗu a gidan nan. Na girme ta."

Ya sassauta murya. "Ki saurare ni. Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki cire katin, ki mayar ranar Litinin, bayan sun tafi. Kwana biyar kawai."

"Ranar Litinin kayan nan suna cikin birkin motar wani."

"To mutum ɗari tara fa? Ke za ki ciyar da su?"

Waɗanda suke wurin sun shaida cewa ta juya ta sake duban katin. Daga baya ta ce: "Ka ba ni zuwa gobe in gano dalili. Amma katin yana nan."

Kafin azahar labari ya gama gida. Da ta shiga ɗakin cin abinci, wata ta ɗaga murya ta ce, "A matsa, a matsa, ga Hajiya Birki nan, kada ta tsayar mana da shinkafa!" Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ko aminiyarta, Madam Thanaletchumi mai kula da ɗakin ajiya, wadda suka shekara ashirin da biyar suna raba kofin shayi ɗaya, sai da ta ture farantinta gefe.

"Leha, ke saura miki wata goma ki yi ritaya. Ni 'ya'yana biyu suna jami'a. Sai a makon nan idonki zai yi kaifi?"

"Thanam, ki gama cin abincinki ki kai ni ɗakin ajiya."

"Me za ki gani? Mako uku muna jera shi kamar kayan amarya."

"Shi nake so in gani."

Suna shiga, Puan Zaleha ta tsaya cak. Ga farantan azurfa an jera su rukuni-rukuni, gwanin sha'awa, kowane rukuni an ɗaure shi da 'yar jar roba, irin ta ƙunshin shinkafa.

"Daga ina waɗannan?"

"Maƙalan da muka saba amfani da su ne suka ƙare, bos kuma ya ce kada ya ga abu ɗaya a warwatse. Sai muka karɓo leda biyu wajen mai abinci. Roba ce kawai, Leha, ba maciji ba."

A nan ne ya kamata mai karatu ya san abin da masu gadi ba su taɓa sani ba. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Puan Zaleha tana ƙaramar ma'aikaciya, ta taɓa ganin wannan layi. Akwai farar wuta a jikin irin wannan roba, wadda ke cin azurfa a hankali cikin zafi da laimar ƙasar nan. Zaren zinariya yakan kama a ranar farko, ya ci gwaji, sai bayan watanni cikin zafin inji ya saki. A wancan karo shugabar sashenta ta buga hatimi, kayan suka dawo daga ƙetare, mutum ɗari biyu suka rasa aiki. Masu gidan farko suka rubuta doka: kada roba ta ƙetare ƙofa. Dokar tana cikin littattafan da aka zubar a ciniki na biyu. Tun daga lokacin ba ta saura a ko'ina ba sai a kan mace ɗaya da hannun babur ɗinta. Garin neman gira, an kusa rasa ido.

Madam Thanaletchumi ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da hannu.

Da safiyar Alhamis masu binciken suka sauko ɗakin aiki. An ba Mista Khoo shawarar a tura amalanken bayan labule. Bai ce a tura ba, bai ce a bari ba. Injiniya Haverkamp ya zo gaban jajayen katunan ya tsaya. Ya ƙirga su da ido. Injuna suna ta aiki, amma babu ma'aikaciyar da ba ta kasa kunne ba.

"Mene ne wannan?"

Mista Khoo ya juya wajen Puan Zaleha. Sannan ya ce, "Tambayi mai lamba arba'in da ɗaya."

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta zaunar da baƙon gaban madubinta, ta ɗora tsohon faranti, ta sa ɗan ƙugiyar gwaji ta ja zaren: ya tsinke a tsakiya, gindinsa bai motsa ba. Ta ɗora mai layin ɗorawa, wanda ta sa aka gasa tun jiya don ya ji irin zafin inji, ta ja: zaren ya ɗago gaba ɗaya kamar ɓawon albasa. Sai ta buɗe tafin hannunta, ga jar roba guda cikin 'yar leda.

"Wa ya umarce ki ki tsayar da kayan?" in ji shi.

"Ba kowa."

"Wa ya nemi hana ki?"

Mista Khoo yana tsaye kusa da ita, ba ta dube shi ba. "Ga katin nan a inda na rataye shi, ranka ya daɗe. Ba wanda ya cire."

"To wa ya ɗaure su da wannan?"

Daga bayan taro muryar Madam Thanaletchumi ta fito: "Ni ce."

"Da umarnina," in ji Mista Khoo.

Baƙon ya rubuta wani abu a littafinsa, ya wuce, ko murmushi bai yi ba.

Mako bakwai aka yi ba labari. Maganar ta fita waje, masu saye suka rage tayinsu, farashin hannun jari ya zube. A makonnin nan Puan Zaleha ta ci abinci ita kaɗai a kan teburin mutum takwas, sai Madam Thanaletchumi da ta dawo kusa da ita a mako na biyu. Wani ya sace iskar tayar babur ɗinta har sau biyu. Ta tura shi da ƙafa zuwa wajen mai faci, ba ta kai ƙara ba. Mijinta ya gaya wa mai wannan rubutu cewa ta rame har zobenta yana zamewa, amma ko sau ɗaya ba ta makara ba.

A mako na takwas aka tara mu, tsofaffin ma'aikata da masu ci, aka karanta takarda. An kammala ciniki a kan farashin da bai kai na farko ba, kuma masana'antar Bayan Lepas ce za ta rayu. Cikin dalilan akwai layi ɗaya daga rahoton injiniyan: a ɗaya masana'antar sun kwana biyar ba su ga jan kati ko ɗaya ba, kuma gidan da ba ya tsayar da kayansa ba su san abin da za su saya a cikinsa ba. Magabata sun riga su faɗa, ba a cinikin biri a sama.

Kada a ce kowa ya tsira. An sallami mutum tamanin daga ofisoshi, Mista Khoo yana cikinsu. Can ƙetaren teku kuma wasu mata irin namu sun koma gida, kuma Puan Zaleha ce ta fara ambatonsu a ranar, tana hawaye, alhali ana ta rungumarta.

Ke ce, Puan Zaleha, wadda ba a taɓa buga sunanta a takardar ciniki ba, amma a kan idonki aka yi cinikin. Ke ce littafin da aka kasa zubarwa. Masu lissafi sun auna gini da injuna da filin ajiye motoci, ba su san inda za su rubuta ki ba. Tsohuwar zuma, da ke aka yi magani. Akwai direbobi a ƙasashen da ba ki taɓa zuwa ba waɗanda suka taka birki motar ta tsaya, ba su san sunanki ba, ba kuma za su sani ba. A madadinsu, da madadin waɗanda suka yi miki ba'a sannan suka ci gaba da karɓar albashi, muna godiya. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba idanun nan hutu.

Ku kuma masu tasowa, an sake rubuta dokar roba a littafin sababbin masu gida, shafi na sittin da biyu. Amma wanda ya ga ciniki uku ya san na huɗu yana tafe, kuma littattafai ba sa tsallake ciniki. Kowannenku ya riƙe abin da ya sani a kansa, ya koya wa na kusa da shi, ya kuma rataya jan katinsa ko da baƙi suna bene na biyu.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi mata walimar bankwana. Ana tsakiyar ci sai ga Mista Khoo, wanda ba a gayyata ba, riƙe da ƙunshin nasi lemak guda. Idanu suka koma kansa. Ya ajiye a gabanta da hannu biyu.

"Kak Leha, a duba mini wannan. Ya wuce, ko jan kati ne?"

Ta juya ƙunshin sama da ƙasa. Babu roba, da tsinken gora aka soke ganyen. Ta ciro hatimi mai lamba arba'in da ɗaya daga jakarta, ta hura masa iska, ta buga a kan ganyen ayabar.

"Ya wuce," in ji ta. "Jawo kujera."