Huɗubar da Namadi Ya Yi a Gummi

Kowa a Bukkuyum ya san Namadi mai injin niƙa na bakin kasuwa. In ka kai masa gero ko dawa, kada ka wahalar da bakinka da sallama ta bayansa. Zagayo gabansa ka ɗaga hannu. Yana ɗan shekara tara sanƙarau ya kayar da shi, ya tashi da ransa, amma ji ya tafi. Magana kam yana da abarsa, sai dai ba ya sanin ƙarfin muryarsa, in ya buɗe baki sai ya ga mutane suna ƙunshe dariya. Ran da abin ya ishe shi ya ja bakinsa ya tsuke, yau shekara goma sha bakwai ke nan.

Kada fa ka ce za ka yi masa kallon tausayi, ba ya so. Ƙarar injin da ke sa abokan sana'arsa ciwon kai, shi ko a jikinsa. Tafin hannu yake ɗora wa inji ya gane ko bel ya saki ko mai ya kusa ƙarewa. A masallaci da wutsiyar ido yake bin na kusa da shi, in ya duƙa ya duƙa. A kan titi ne dai yake shan wuya. Sau biyu 'yan kabu-kabu suna kwashe shi ta baya, su tashi kuma suna masifa wai sun yi ta hon bai kauce ba. To, da wane kunnen? A gida kuwa, in matarsa Lubabatu tana son ya waiwayo, ƙwayar gyaɗa take jifansa da ita, shi kuma ya tsince ya jefa baki.

Abu guda ne ya hana shi sakat tun da Lubabatu ta sami ciki. A leɓen wata tsohuwa mai kawo niƙa ya tsince shi, don yana gane magana daga motsin baki: "Ɗan kurma ai kurma ne." Inna, mahaifiyarsa, ta yi ta nuna masa da hannu cewa nasa ciwo ne ya kawo, ba gado ba. Ina! Magana ta riga ta zauna. Wata da watanni yana fama da tsoron kada ya haifi wanda zai sha abin da ya sha.

Da yake cikin fari ne, Lubabatu ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Gummi. Wata Talata da hantsi, inji na tsaka da aiki, sai ga Inna da mayafi a karkace. Ta haɗa hannuwa a ƙirji tana jijjigawa, sannan ta kama fatar kunnenta, wurin 'yan kunne. An haihu! Mace! Namadi ya kashe inji, ya bar dawar mutane rabi gari rabi tsaba, ya haye babur jikinsa fari fat kamar wanda ya faɗa buhu. Inna ta biyo bayansa tana ihu: "Kai, ja'iri! Ɗiyar fari ce fa! Ina kunyarka?" Wa take gaya wa?

Ai kuwa tana da gaskiya. Uban ɗan fari ba ya rawar ƙafa. Yi yake kamar bai san an haihu ba, balle ya kwashi jiki ya faɗa gidan surukai ranar haihuwa. Amma Namadi bai taka birki ba sai a ƙofar gidan.

A zaure ya tarar da surukinsa, Malam Mamuda, da dattawan unguwa. Ungozoma ta yi wa jaririya wanka, ta kawo ta a naɗe cikin zane, tana barcinta. Malam na shirin yi mata huɗuba, kiran sallah a kunnen dama, iƙama a na hagu. Namadi ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya miƙa hannu biyu.

"Mi yaron ga ka so?" in ji wani dattijo.

Namadi ya nuna bakinsa, ya nuna kunnen jaririya. Malam Mamuda ya dube shi, ya dubi jikarsa. Can ya miƙa masa ita.

"Ungo. Ɗiyakka ta."

Namadi ya sunkuya, ya kai baki kunnenta na dama. Shi dai a ransa raɗa zai yi. Ya ja numfashi ya saki muryar da ta shekara goma sha bakwai a kulle.

"Allahu Akbar!"

Wayyo, zaure sai da ya amsa! Malam ya zabura har hularsa ta faɗi, kaji suka watse a tsakar gida, mata a ciki suka ɗauki salati. Wani maƙwabci ma an ce ya janyo buta, ya ɗauka azahar ta yi.

Namadi bai san an yi ba, idonsa na kan ɗiyarsa. Ya ga ta firgita, ta watsa 'yan hannuwanta, fuska ta yamutse, baki ya wangame. Kukan bai kai kunnensa ba, amma ga shi nan yana kaɗawa a tafin hannunsa kamar an tada inji.

"Ta ji!" ya ce, da ƙarfin da ya fi na farko. "Baba, ta ji! Ta ji ni!"

Hawaye suka tsaga garin da ke fuskarsa. Daɗi ya kama shi har bai san yana dariya ba. Dattawan da suka fara ƙunshe tasu dariyar suka haɗiye ta, wani ya kau da kai yana goge ido. Malam Mamuda ya manta da surukuta, ya matso ya dafa kafaɗarsa. In murya ta yi sama sai ya matsa masa kafaɗar, Namadi ya sassauta. Da haka suka kai ƙarshen kiran sallah, suka juya ta suka yi iƙama, jaririya na ta callara kuka.

Ungozoma ta leƙo ta miƙo hannu, za ta kai ta wurin uwarta a rarrashe ta. Namadi ya ƙara rungume ta a ƙirji.

"Iya, ku bar min ita," in ji shi. "Ta ƙara kukan kaɗan."