Tarsem Singh Bajwa: Ka Bar Yayarka Tana Jira

Ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, ɗanka Lakhwinder ya kira ni a waya ya ce, "Baffa, Baba ya cika." Zuciya ce ta tsaya, a asibiti, kana da shekara saba'in da biyu. Wanda Ya ba da numfashi Shi Ya karɓi abinSa, kuma ba mu da ja da hukuncinSa. Amma da kai ina da ja, Tarsem. Tunda ba ka nan balle ka katse ni kamar yadda ka saba, yau zan faɗi tawa har ƙarshe.

Bari in fara da alherinka, kada a ce tsohon nan ya zo gidan makoki da faɗa.

Na girme ka, amma ka riga ni zuwa Italiya. Lokacin da na sauka Cremona ba ni da kowa sai sunanka da wani ya ba ni a gida. Kai ka kama hannuna ka kai ni gaban Ettore, mai garken da kake yi wa tatsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan ya iya?" Ka ce, "Yayana ne, a gindin saniya aka haife shi." Ni kuwa ban taɓa ganin injin tatsa ba a rayuwata, sai kai ka riƙa koya mini da ido da haɓa, Ettore na juya baya kana gyara mini abin da na ɓata. Shekarar da bayana ya riƙe, ka tatse naka ka tatse nawa hunturu guda, asuba da la'asar, ba ka taɓa bari na yi godiya ba. In na buɗe baki sai ka ce, "Yaya, rufe, iska na shiga." Samari nawa suka kwana a falonka kafin su sami aiki, ban san adadinsu ba, kai ma ba ka sani ba. A gurdwara kuwa, ɗakin ibadarmu, tukunyar waken ranar Lahadi taka ce. Kowa ya zo ya ci, Bature ko baƙar fata, amma wanda ya kuskura ya miƙa hannu zai ƙara gishiri, ranar zai ji tarihin kakanninsa.

To, wannan ke nan. Yanzu sauran.

Kana da yaya guda a duniya, Nasib Kaur, tana ƙauye kusa da Dasuya a Indiya, ta haura tamanin. Ita ta goya ka bayan mahaifiyarku ta rasu. A wurinmu, in mace ta mutu, mayafin ƙarshe da za a lulluɓe ta da shi daga gidan ubanta yake fitowa, ɗan'uwanta ke kawo shi da hannunsa. Gidan ubanku kuwa kai kaɗai ka rage. Tun da matarka ta riga mu gidan gaskiya, ka kuma ajiye aiki, Nasib ba ta da wata magana sai, "Ka dawo ka zauna kusa, kada ranar ta zo kana wata duniya." Kai ma abin da kake so ke nan. Babu wanda ya hana ka. Ina so a ji wannan da kyau: babu wanda ya hana ka.

Don tafiyar nan ma ka karɓi zama ɗan Italiya, saboda da takardar zama kawai, in ka daɗe a gida sai ƙofar dawowa wurin jikokinka ta rufe. Sai dai ƙasarmu ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu ba. Ranar da ka karɓi nasu, ka zama baƙo a wurin namu. Mafita biyu ce. Ko ka nemi biza irin ta masu yawon buɗe ido, wadda ba ta ɗaukar lokaci, ko ka nemi katin nan na 'yan asalin Indiya mazauna ƙetare, wanda ke ba mutum damar shiga ya zauna iya son ransa. Muka ce ka yi duka biyun: ka je da biza ka ga tsohuwa, katin ya biyo baya. Ka ce, "Yawon buɗe ido? A gidan ubana? Me zan buɗe ido in gani, tsakar gidan da na yi rarrafe?" Na ce takarda ce kawai. Ka ce, "Yaya, baƙo ke neman izini. Da katin ɗan gida zan shiga ko in fasa."

Shi ke nan, muka ce a nemi katin. Lakhwinder ya cike komai a kwamfuta, aka yi hoto aka sake, aka yi aka sake, don ka ƙi yarda rawaninka ya fito a karkace. Tsohon fasfonka da aka soke yana nan, ya nuna ƙarara a Dasuya aka haife ka. Aikin da ya kamata ya ƙare cikin 'yan makonni.

Mu da iyayenmu suka tsallako a shekarar da aka raba ƙasa aka fitar da Pakistan daga Indiya muna da wata ɗabi'a. In aka ce mana, "Ku 'yan ina ne?" ba ma faɗin inda aka haife mu, sai mu faɗi ƙauyen da aka baro a wancan ɓangaren. Haka iyaye suka koya mana, don kada sunan ya mutu. Ni ma in aka tambaye ni a wurin biki, tsohon garinmu nake kira. Amma a wurin biki, Tarsem, ana cin alewa. Ba a gaban teburin ma'aikaci ba.

Muka hau jirgin ƙasa mu uku zuwa ofishin jakadanci a birni. Wadda ta karɓe mu yarinya ce mai hankali, tana jin yarenmu. Ta duba takardu ta ce, "Baba, komai ya cika tsaf. Ku 'yan wane yanki ne?"

Gaisuwa ce kawai. Hannunta na kan hatimi.

Ka gyara zama, ka shafa gemu, ka ce, "Kotli Mehtab, gundumar Sialkot."

Na ga Lakhwinder ya taka maka ƙafa. Ka janye ƙafar ka harare shi.

Ta ce, "Baba, ai Sialkot a Pakistan take."

"Pakistan ce ta zo ta same ta, 'yata. Ita ba ta motsa ba."

"Amma nan an rubuta a Dasuya aka haife ka."

"A Dasuya na faɗo. In kazarki ta yi ƙwai a gidan maƙwabci, ɗan tsakon na maƙwabci ne?"

Baiwar Allah ta yi murmushi, ta buɗe maka ƙofa wadda ko makaho zai gani. Ta ce, "To amma yanzu ba ku da kowa ko komai a can, ko ba haka ba?"

"Ba mu da komai? Rijiyar fa? Gonar alkamar fa? Itatuwan mangwaron fa? Ubana bai sayar ba, bai kyautar ba, ni ma ban yafe ba."

Ta ɗauke hannunta daga kan hatimi. Doka ta ce wanda ubansa ko kakansa ya taɓa zama ɗan waccan ƙasar ba ya samun katin. Mahaifinka bai taɓa zama ba, a keken shanu ya tsallako tun a shekarar rabon. Amma tunda ka faɗa da bakinka a gaban mutane cewa kana da gona a can, dole ta rubuta, dole kuma a tura takardunka Delhi a bincika. Har haƙuri ta ba mu, ita da ba ta yi laifin komai ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

A bakin titi Lakhwinder kamar zai yi kuka. "Baba, da ka yi shiru kawai!"

"An tambaye ni, in yi ƙarya?"

Na ce, "Ba wanda ya ce ka yi ƙarya, ɗan taurin kai. Dasuya ma ai gaskiya ce."

Ka ce, "Gaskiya ce, amma ƙarama."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Kotli Mehtab ɗin nan ba ka taɓa ganinta ba. Shekaru bayan an baro ta aka haife ka. A bakin mahaifinka ka san ta, kamar yadda ni na san garuruwan tatsuniyar kakata, inda kogi ke gudana da madara. Bambancin kawai, ni ban taɓa kai tatsuniya ofis ba.

Watanni suka wuce. Daga bisani aka ce ka kawo takardar rantsuwa cewa mahaifinka bai taɓa zama ɗan Pakistan ba. Layi uku ya wadatar. Muka je wurin lauya mai shaida rantsuwa, wani Bature mai sanƙo da haƙurin jaki. Ya karanta maka, ka ce gaskiya ne amma da saura. A ƙara cewa ba da son ransa ya fito ba. Ya ƙara. A ƙara cewa gonar tana nan a matsayin ta iyalin Bajwa. Lauyan ya cire tabarau ya dube ni. Na ce, "Tarsem, wannan ita ce maganar da ta jefa mu ramin." Ka ce, "To ai shi ya sa nake so ta shiga da hatimi." Muka fito ba ka sa hannu ba. Sau nawa muka koma, sau nawa muka fito haka nan, har mutumin ya daina tambayarmu ko za mu sha kofi.

Wata Lahadi na gaji, na sa Lakhwinder ya kira Nasib a ɗakin girkina, ya buɗe murya kowa na ji. Ita ce kaɗai a duniya da ta sha ruwan rijiyar nan, don da ƙafarta ta bi ayarin masu hijira tana ƙaramar yarinya. Da aka gaya mata abin da ya tsayar da kai, sai ta ce:

"Kai Tarsem, wace rijiya? Ruwanta zartsi ne, ko bauna sai ta yi tunani kafin ta sha. Mangwaro biyu ne, ɗaya ma bai taɓa yin 'ya'ya ba. Baba yana ƙara wa gonar nan faɗi duk shekara har ya mutu. Ka ce musu daga wata ka faɗo in haka suke so. Ni dai ka zo."

Na ɗauka magana ta ƙare. Da aka kashe waya sai ka kurɓi shayi ka ce, "Yarinya ce a lokacin, me ta sani?"

Kai da ko cikinka ba a ɗauka ba a lokacin! Ranar na tashi na bar maka ɗakin, a gidana.

Ban ce ban gane ba. Na gane. Mutum ya bar ƙasarsa ya yi shekara talatin da ɗoriya a gindin shanun wasu, ya miƙa fasfonsa aka soke a gabansa, abin da ya rage masa shi ne sunan nan da ubansa ya damƙa masa. Kana ganin in ka sake shi a gaban hukuma ka sake kashe tsohon. Na gane sarai. Amma tsohon ya riga ya tafi, Tarsem, ita kuwa tana da rai, tana sa a share maka ɗaki duk kaka, tana aiko da tambayar ko har yanzu kana cin yaji.

Da bazarar bana ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Wannan ne ya girgiza ka. Ka je wurin lauyan kai kaɗai ba ka gaya wa kowa ba, ka sa hannu a layi ukun nan yadda suke, ka dawo ba ka ci abinci ba ranar. Da na ji na ce madalla, yanzu karɓi biza ka tashi makon nan, katin ya iske ka can. Ka ce, "Haba Yaya, bayan duk wannan? Ai ya kusa." Na roƙe ka. Na zage ka. Ka yi dariya ka ce in rufe baki iska na shiga. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, in ji mutane, sai dai a wannan karon mu ne muke gani.

Har yau amsar Delhi ba ta zo ba. Ta zo ko kada ta zo, ba na son sani.

Lakhwinder ya kasa gaya wa Nasib rasuwarka, ni aka ɗora wa. Na kira, jikarta ta kara mata wayar a kunne. Ban gama sallama ba ta ce, "Sucha Singh, kai ne? Tunda kai ka kira ba shi ba, na ji." Ba ta yi kururuwa ba. Sai ta ce a ba ta Lakhwinder.

"Ɗana, yaushe za ka kawo tokar gawarsa?"

"Bayan an kammala karatun Littafi Mai Tsarki, Gwaggo. Na nemi biza."

"Wace iri?"

"Ta yawon buɗe ido."

"To. Ka zo da shi in gan shi ko a tulu ne. Gidan ubana kai ne yanzu. Ka haɗo da mayafina a tafiyar nan, fari, mara ado. Kada ka yi wahala biyu."

Ka ji, Tarsem. Ita ya kamata ka lulluɓe, ga shi ita za ta karɓe ka a cinya kamar farko.

Ya Waheguru, Ubangiji Mai jinƙai, ga bawanKa nan ya iso ƙofarKa. Ka dubi cikunan da ya ciyar da baƙin da ya saukar, Ka dubi gumin da ya zubar a madadin wasu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka ba shi wuri a inuwarKa. Taurin kansa kuma, Kai Ka halicce shi da shi, Ka fi mu sanin dalili.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lakhwinder da matarsa da 'ya'yansu, da iyalin Bajwa na nan da na gida, da jama'ar gurdwararmu, da iyalin marigayi Ettore waɗanda suka zo suka tsaya tare da mu a wurin ƙona gawa. Fiye da kowa, ina yi wa Nasib Kaur ta'aziyya. Ubangiji Ya ba ta haƙuri, Ya sassauta mata ciwo, Ya ara mata kwana har yaron ya isa.

Sucha Singh Dhillon
Cremona